Sai da Izinin Malami

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Wuta ce aka ɗauke mana, ba jan rai ba ne. Ku kuma masu yi wa Dakta Ummu ruwan zagi don ta ajiye aiki, ku ɗan sassauta mata, ku karanta wannan tukuna.

*

Komai na sabon asibitin ya kammala, saura abu ɗaya, shi kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

An yi fenti, an ja wuta, an kafa allo a bakin titin Malali ɗauke da sunan Dakta Ummulkhairi Bawa da na abokin aikinta Dakta Sulaiman. Asibitin ido ne na sha-ka-tafi: a duba ka, a gwada maka tabarau, a ba ka magani, ka kama hanyar gidanku. Ɗakin tiyata sai nan gaba in Allah ya hore. Ranar Litinin za a buɗe, don haka ranar Asabar da hantsi ta nufi Kawo wurin mahaifinta.

A zaure ta same shi kan buzunsa, gefensa ga kurtun tawada da alƙaluma an rufe su da ƙyalle. Malam Bawa alaramma ne, da hannunsa ya rubuta Alƙur'ani ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na ƙarshen ne ya tsaya masa a Suratul Kahfi. Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi, na daman da yake taƙama da shi kuma yanar ido ta rufe shi. Litinin ɗin nan za a cire masa yanar a asibitin koyarwa, kuma Farfesa Labaran ne zai yi aikin, malamin da ya koya wa Ummu aikin ido. Da ta ce masa ga Sulaiman nan ƙwararre ne, cewa ya yi shi ba zai saki reshe ya kama ganye ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, gobe muke so ka zo ka yi mana addu'a a wurin, tunda jibi kai kana asibiti."

Ya juyo da idon daman yana laluben inda take.

"Malaminki ya sallame ki?"

"Ai na ajiye aikin, Baffa. Hukumar asibiti ta amince, komai ya bi ƙa'ida."

"Ban tambaye ki hukuma ba. Hukuma ce ta koya miki riƙe wuƙa?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Ni da kika gan ni, na sauke, na haddace, na rubuta, amma ban kafa ko allo ɗaya da sunana ba sai ranar da Malam ya kira ni a Rigachikun ya ce tashi ka je, Allah ya yi albarka. Da bai faɗa ba, da har yau ina can ina yi masa noma."

"Baffa, wannan fa boko ne."

"To sai me? Ilimi ai ilimi ne. Wanda duk ya buɗe makaranta ba da izinin malaminsa ba, ya yi gini a kan toka. Ki je ya sa miki albarka, ya shafa miki fatiha, ni kuma gobe ko da jan gindi zan zo. In bai sa ba, ƙafata ba za ta taka wurin ba."

Ta san Baffa. In ya faɗi magana ya gyara hularsa, to an wuce wurin. Ya kuwa gyara.

Matsalar ita ce, tun ranar da ta miƙa takardar ajiye aiki Farfesa bai ƙara amsa gaisuwarta ba. In sun haɗu a baranda sai ya ɗauke kai kamar ya ga bango. Abin yana ci mata rai, ba ta dai nuna wa kowa ba, don ita ma akwai nata taurin kan, a gida ta gada.

Ta kira Sulaiman a mota ta gaya masa.

"Ki je kawai," in ji shi. "Ki durƙusa, ya wanke ki tas, ki ce a yi haƙuri. Zagin Farfesa ai mun sha shi kamar ruwan tulu. Ni dai kar ki ce ina gaishe shi."

"Matsoraci."

"Na yarda. Matsoraci shi yake kai labarin yaƙi gida."

Bayan la'asar ta isa gidan. Hajiya Dije, matar Farfesa, ita ta buɗe mata ƙofa, ta riƙe hannunta ta yi ƙasa da murya.

"Yana falo. Ki bi shi a sannu, Ummu, kwana biyun nan a wuya yake."

Yana zaune cikin babbar rigarsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa. Hannunsa na dama yana cikin riga tare da carbi. Tun bara ya tsiri wannan ɗabi'ar, har ƙananan likitoci suna gulma wai Farfesa ya shiga ɗariƙa da tsufansa.

Ta zube a kan darduma.

"Barka da yamma, ranka ya daɗe."

"A'a! Masu asibitin kuɗi ne yau a gidan namu?" Bai ko kalle ta ba. "Sai an yanki kati ake amsa gaisuwarku, ko kyauta ce?"

"Allah ya huci zuciyarka."

"Zuciyata lafiyarta ƙalau. Me ke tafe da ke?"

Da ta bi shawarar Sulaiman, da a nan za ta ce a yi haƙuri ta rufe bakinta. Amma abin da aka daɗe ana dannewa ba ya jiran izini in zai fito.

"Ranka ya daɗe, ni ban bar aiki don raini ba. Gajiya na yi. Tsohuwa za ta taso tun daga Birnin Gwari, mu ce mata na'ura ta lalace, ta dawo wata mai zuwa. Ta dawo, mu ce ana yajin aiki. Ta sake dawowa, idon ya riga ya tafi. Na gaji da ba mutane haƙuri, magani nake son in ba su."

Sai yanzu ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau.

"Madalla. Ita tsohuwar Birnin Gwarin, tana da abin shiga asibitinku na Malali?"

Maganar ta soke ta, don ita ma ta sha yi wa kanta wannan tambayar.

"Mun ware ranar Alhamis don marasa hali."

"Ranar Alhamis! Sauran ranakun kuma sai su ce wa makanta ta jira su." Ya girgiza kai. "Yaran da ke ƙarƙashinki fa, masu neman ƙwarewa? Wa zai koya musu? Wasu sun tafi Saudiyya, wani ya tafi Ingila, na yi shiru. Yanzu ke da Sulaiman rana ɗaya kuka tattara komatsanku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Ummulkhairi."

"Ai kana nan. Kai ne sashen, ranka ya daɗe, mu duk 'yan kallo ne."

Ya kau da kai. Hakan sai ya ƙara tunzura ta.

"Tunda ana maganar gaskiya, bari in faɗi tawa. Shekara guda cur, duk aikin da aka rubuta da sunanka ni nake yin sa. Ka shigo ɗakin tiyata, ka tsaya a bayana, ka ce ci gaba ina kallo. In gama nawa, in yi naka, in fito in shiga aji, in koma gida yarana sun manta kamannina. Da farko na ɗauka yarda ce ka yi da ni, har daɗi nake ji. Daga baya na gane jakar sashe aka mayar da ni. Ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa sannu ba."

"Abin da ya kore ki ke nan?"

"Yana ciki."

Ya daɗe yana kallon ta. Ta yi zaton zai fashe da faɗa, sai ta ga ya kashe rediyon da hannun hagu ya jingina da kujera.

"To na ji. Yanzu faɗi abin da ya kawo ki, don na san ba wannan ba ne."

Ta sunkuyar da kai, muryarta ta sauko.

"Baffa ne. Ya ce ba zai zo ya yi mana addu'a ba sai ka sallame ni da bakinka. Ya ce almajiri ba ya buɗe makaranta sai da izinin malaminsa."

Abin mamaki, sai Farfesa ya yi dariya, ɗan gajere dai, amma dariya ce.

"Malam Bawa ke nan! Mutanen da. Wato duk takardun nan da kika tara, bai ga ko ɗaya ba sai ya ga nawa bakin."

"Haka ya ce."

"Ya fi ki sanin darajar abin da kika koya." Ya sauke numfashi. "Tunda Malam ne ya turo ki, ba zan mayar da ke haka ba. Kin yi min biyayya, kin koyi aiki, hannunki ya fi na duk wanda na taɓa koyarwa. Ban taɓa faɗa miki ba, yau na faɗa. Ki je. Allah ya yi albarka."

Hawaye suka cika mata ido. Sama da shekara goma tana jiran rabin wannan maganar, sai yau da ta bar shi ta same ta cikakkiya.

"Na gode, ranka ya daɗe. Na gode. A shafa mana fatiha."

"Ai na ce Allah ya yi albarka."

"Baffa zai tambaye ni ko an shafa. Ka san shi, kuma ba zan iya yi masa ƙarya ba."

Daidai lokacin Hajiya Dije ta shigo da tire na lemo. Ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli mijinta, ta ce, "Farfesa..." ba ta ƙarasa ba.

Ya ɗaga mata kai alamar ta bari. A hankali ya zaro hannun daga cikin riga, ya haɗa shi da na hagu, ya ɗaga su sama.

Ummu ta ɗaga nata ita ma. Ta buɗe baki za ta ce amin, sai ta ji wani ƙaramin sauti, ƙas-ƙas-ƙas. Carbin ne da ke rataye a yatsunsa, 'ya'yansa suke bugun juna. Ta kalli hannun. Rawa yake yi. Ba rawar sanyi ba, ba ta gajiya ba, irin rawar nan ce da ko ɗalibin ajin farko ya gani zai gane. Na hagun ma yana taya shi kaɗan-kaɗan.

Farfesa bai sauke ba. Ya karanta fatiharsa har ƙarshe, muryarsa daram, hannun yana ta abinsa a gaban fuskarta. Ya shafa. Ita ta manta ba ta shafa ba.

Ya yi sauri zai mayar da shi cikin riga.

"Miƙe hannun, ranka ya daɗe."

"Ke! Ni kike ba umarni a falona?"

"Miƙe min su duka biyun. Ka buɗe yatsun."

Ta ji muryarta ta koma irin wadda take yi wa marasa lafiya magana da ita. Shi ma ya ji. Ya miƙa.

Ta duba na ɗan lokaci, ta kau da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun azumin bara."

Azumin bara. Lokacin da ya fara tsayawa a bayanta yana cewa ci gaba ina kallo. Nan take duk shekarar ta dawo mata sabuwa: yadda ya daina karɓar shayi a ofis, yadda yake sa ƙananan likitoci su rubuta magani yana yi musu shifta, yadda yake wanke hannu ya sa safar hannu ya shigo tiyata amma bai taɓa zama gaban madubin aiki ba. Ita likita ce, tana tsaye kusa da shi kullum, amma fushi ya rufe mata ido ba ta ga komai ba. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

"Wa ya sani?"

"Dije. Sai Allah."

Hajiya Dije ta ajiye tiren ta fice tana share ido da bakin mayafi.

"Don me ba ka gaya min ba? Wallahi da na sani..."

"Da kin zauna don tausayi? Ba na so." Ya mayar da hannun cikin riga. "Kuma ki saurara da kyau. Yanzu ni kaɗai ne babban likitan da ya rage a sashen. Ranar da aka ji ba na iya aiki, ranar za a janye mana izinin horarwa. Yaran nan, wasu saura ƙiris su yi jarrabawar ƙarshe, duk wahalarsu ta bi ruwa. So nake in lallaɓa har su fita, ko a kawo wani. Maganar nan a falon nan za ta mutu."

Ta gyaɗa kai ba tare da ta san ta gyaɗa ba. Sai kuma wani abu ya faɗo mata a rai.

"Ranka ya daɗe. Litinin."

Ta ɗago ta dube shi.

"Wa zai yi wa Baffa aiki ranar Litinin?"

"Da Sulaiman na yi niyyar sawa, in tsaya a bayansa. Sai kuka tafi tare."

"Yanzu fa?"

"Ni zan yi."

"Da wannan hannun?"

"Ina shan magani. Da sassafe yana lafawa sosai. Yanar ido ce fa, Ummu, na cire dubbai, ko da ido rufe..."

"Ido ɗaya gare shi!"

Ba ta san ta miƙe tsaye ba. Tunda take ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba.

"Ido ɗaya, ranka ya daɗe! In hannun nan ya goce ko da faɗin gashi ne, shi ke nan, Baffa ya gama ganin duniya. Alƙur'aninsa yana can a rufe yana jiran Litinin. Kai ka koya mana cewa mai ido ɗaya ba a yi masa aiki da wataƙila."

"Na san abin da na koya muku."

"To a ɗaga aikin."

"Na ɗaga, na sake ɗagawa, duk ina neman mafita. Ke ma kin duba idon, kin ga yanar ta nuna har ta wuce. In aka ƙara jinkiri, ita da kanta za ta kashe idon."

Gaskiya ya faɗa, ta sani.

"Sulaiman ya dawo ya yi."

"Da wane matsayi? Ya ajiye aiki, ba shi da ikon taɓa ko almakashi a ɗakin nan. Ku kuma kun buɗe asibiti ba ɗakin tiyata."

"A nemi izini na musamman. Ko ka tura shi wani asibitin, likitocin ido ba su ƙare a Kaduna ba."

"Duk wanda zan nema sai ya tambaye ni dalili. Shi kansa Malam, in ce masa me? Mutumin da ya ce in ba ni ba sai dai ya haƙura da idon? Malam ba yaro ba ne, sai ya ji dalili. Ya ji, masu rakiyarsa sun ji. Kawo ta ji, asibiti ya ji kafin azahar." Sannan ya ce, "Ko ke za ki shigo a matsayin 'yar rakiya, in rufe ƙofa, ki zauna ki yi? Ba wanda zai yi magana."

Ta kalle shi kamar ba ta san shi ba.

"Kai ka ce likita ba ya yi wa jininsa aiki. Ka ce in naka ne a kwance, hannu rawa yake yi."

"To kin gani." Ya yi wani murmushi mara daɗi. "Naki zai yi rawa, nawa yana yi. Nawa dai ya san hanya. Ki bar ni in gwada, 'yata. Na roƙe ki."

Bai taɓa ce mata 'yata ba. Bai taɓa roƙon kowa ba a saninta. Ta tsaya tana kallon tsohon da ya ɗauke ta tun ba ta san yadda ake riƙe fitilar duba ido ba, ta ji tausayinsa kamar ta kwanta ta yi kuka. Ta tuna yaran sashen, musamman Yasmin da ke karatun jarrabawa da goyo a bayanta. Ta tuna Baffa yana laluben inda take da ido ɗaya.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka.

Ta ciro. Baffa ne.

Farfesa ya hango sunan. Ya girgiza mata kai a hankali, idanunsa a kanta.

Ta ɗauka.

"Assalamu alaikum, Baffa."

"Wa alaikumus salam. Kin je?"

"Na je. Ina gidan ma yanzu."

"Ya sa albarkar?"

"Ya sa."

"An shafa fatiha?"

"An shafa, Baffa."

"Alhamdu lillahi!" Muryar tsohon ta cika da farin ciki. "To gobe bayan azahar ina nan tafe. Kin ga amfanin bin na gaba. Yau har na sa an dafa min sabuwar tawada, da an kwance min ido zan ɗora daga inda na tsaya. Ki ce ina gaishe shi, sai mun haɗu jibi."

Ga abin da ta zo nema ta samu. Abin da ya rage kawai ta ce to, ta kashe wayar.

"Baffa, kar ka kashe."

"Na'am?"

Ta danna wayar yadda kowa zai ji, ta taka ta ajiye ta a kan tebur, daidai gaban Farfesa. Hannunta na rawa, ba ta damu ta ɓoye ba.

"Ga malamina nan. Akwai maganar da zai faɗa maka da bakinsa. In bai faɗa ba, ni zan faɗa."

Farfesa ya kalli wayar, ya kalle ta. A cikin rigarsa carbin ya ci gaba da ƙas-ƙas-ƙas.

Muryar Baffa ta fito tar, cike da girmamawa.

"Farfesa, Allah ya ja zamaninka. Ina jin ka."